Gigin tsufa: Abin da binciken Ibadan da Indianapolis ya gano kan cutar mantuwa

Idan dattijo ya fara mance sunayen 'ya'yansa, ko ya fita ƙofar gida ya kasa gane hanyar komawa, akan ce gigin tsufa ne, a rungumi ƙaddara. A wurin likitoci kuwa wannan cuta ce da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma ba kowane mai yawan shekaru take kamawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a shekarar 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, wanda ya samo sunansa daga likitan Jamus Alois Alzheimer, da ya bayyana shi a 1906.

Garuruwa biyu, ma'auni ɗaya

Ɗaya daga cikin binciken da suka sauya fahimtar masana an yi shi ne a Najeriya. A 1992, Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiana ta Amurka suka fara bibiyar tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama: Yarabawan unguwar Idikan a Ibadan, da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis, fiye da mutum 2,000 a kowane gari. Cikin jagororin aikin akwai Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi daga Ibadan, da Hugh Hendrie da Kathleen Hall daga Indiana.

An zaɓi al'ummomin ne saboda suna da dangantakar asali, tunda kakannin yawancin baƙaƙen fatar Amurka daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, amma abincinsu da yanayin rayuwarsu sun bambanta matuƙa. Da yake da yawa daga tsofaffin Idikan ba su yi karatun boko ba, an yi amfani da gwajin da bai dogara da karatu da rubutu ba, aka haɗa da tambayar wani ɗan'uwa da ya san halin tsohon yau da gobe.

Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa da cutar, alhali a Indianapolis kashi 3.24 ne, wato ya haura ninki biyu. An kuma lura cewa wata ƙwayar gado mai suna APOE e4, wadda ke ƙara haɗarin Alzheimer a tsakanin Turawa, tasirinta ya fi rauni a jikin Yarabawa. Masu binciken sun karkata ga cewa ƙarancin hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na da hannu a wannan tazara.

Abin da ake iya kaucewa

Darasin shi ne gado kaɗai ba ya yanke hukunci. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙarfafa hakan a rahotonsa na 2024, inda ya lissafa abubuwa 14 da, in aka magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na kamuwa da cutar. Daga ciki akwai ƙarancin ilimi tun ƙuruciya, raunin ji da na gani, hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, shan taba, bugun kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici da ciwon damuwa.

Na ƙarshen yana buƙatar lura, domin damuwa mai tsanani kan sa tsoho mantuwa da janye jiki har a zaci gigi ne, alhali tana jin magani.

Kulawa bayan an kamu

Har yanzu babu maganin da ke warkar da Alzheimer, amma akwai hanyoyin rage nauyinta. Masana a Landan, ƙarƙashin Aimee Spector, sun tsara zaman motsa ƙwaƙwalwa: zama 14 cikin mako bakwai, inda ƙaramin rukunin tsofaffi ke hira, suna tuna zamanin da, suna wasannin kalmomi da lissafi. Gwajin da aka wallafa a 2003 ya nuna ingantuwar tunanin mahalarta, daga baya aka daidaita tsarin da al'adun Najeriya da Tanzaniya.

A gida kuwa, inda yawancin ɗawainiyar ke kan mata da 'ya'ya, masana na ba da shawarar a tsayar da lokutan abinci da barci, a riƙa magana a taƙaice, a guji musu da tsohon idan ya rikita zance. Idan kuma ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya asibiti, domin sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko illar wani magani, waɗanda duk ana iya magance su.