Masarautar Dahomey

Dahomey masarautar ƙabilar Fon ce da ta kafu a ƙarni na 17 a kudancin Jamhuriyar Benin ta yau, fadarta tana Abomey. Da farko ba ta da mashiga zuwa teku. Sarki Agaja ne ya ci masarautar Allada da yaƙi a 1724, ya kama Wida a 1727, tashar da jiragen Turawa ke lodin bayi.

Daga nan yaƙi ya zama sana'ar fada. Dakaru, har da rundunar mata ta Agojie, su kai wa maƙwabta hari, a kora kamammu gaɓar teku, a musanya su da bindigogi, albarushi, wuri da tabar Brazil. Duk da wannan ƙarfi, Dahomey ta daɗe tana kai wa daular Oyo gaisuwa, sai a zamanin Sarki Gezo ta daina. Da yawa daga waɗanda aka loda a wannan gaɓa Bahia ta Brazil aka kai su, inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807.

Faransa ta mamaye masarautar, Sarki Behanzin ya miƙa wuya a 1894, aka kai shi gudun hijira Martinique.