TARIHIN TSOFAFFIN MOTOCIN SIFOT NA INGILA: KAMFANI YA MUTU, MOTA NA KAN TITI

Yau za mu ɗan ajiye wayoyin hannu a gefe mu leƙa garejin kanikawa, amma na can Ingila.

A watan Oktoba na 1980 aka rufe masana'antar motocin MG da ke garin Abingdon, kusa da Oxford. Daga ranar ba ta sake ƙera ko da mota ɗaya ba. Amma yau, sama da shekara 40 bayan nan, mai motar MGB zai iya zama a ɗakinsa ya yi odar kusan kowane kayan gyaranta, tun daga noti har sabon bodi ɗungurungum. Kai kuwa wayar da ka saya shekara biyar da suka wuce, wani lokacin sikirin ɗinta kawai sai an karaɗe kasuwa ba a samu ba. To yaya aka yi haka ta faru? Ku biyo ni.

ASALIN WAƊANNAN MOTOCI

Idan an ce motar sifot, ana nufin ƙananan motocin nan masu kujera biyu, gajeru kamar za su taɓa ƙasa, yawancinsu da rufin da ake naɗewa. Don nishaɗin tuƙi aka yi su.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, bashi ya yi wa Birtaniya katutu, ga ƙarancin ƙarfe. Sai gwamnati ta ce kamfanin da ya fi fitar da kaya waje ya kawo dala, shi zai fi samun rabon ƙarfe. Dama sojojin Amurka da suka zauna a Ingila lokacin yaƙi sun ga ƙananan motocin MG sun yaba. Nan kasuwa ta buɗe. An ƙera MG TC kimanin 10,000 tsakanin 1945 da 1949, kuma duk da sitiyarinta a dama yake, Amurkawa suka riƙa saye.

Daga nan sai suka yi ta fitowa: Jaguar XK120 a 1948, Triumph TR2 da Austin-Healey 100 a 1953, MGA a 1955. A watan Maris na 1961 aka baje Jaguar E-Type a bikin nunin motoci na Jeneba. A 1962 kuma MGB da Triumph Spitfire da Lotus Elan suka fito. MGB ce ta fi su yawa, don an ƙera sama da 500,000, mafi yawansu Amurka aka kai.

Ga wani sirri da ya taimaka musu daga baya. Ban da irin su Jaguar, yawancin motocin nan kwalliya ce a waje, amma cikinsu kayan motocin gida ne. Injin MGB mai cc 1798 dangin wanda ke cikin motocin iyali na Austin da Morris ne. An gina Spitfire a kan tsarin Triumph Herald. Injin TR2 kuwa ɗan uwan injin taraktar Ferguson ne. Ka ga ke nan kayan gyara a wadace suke, kuma ƙaramin bakanike ma ya san kansu.

YADDA SUKA DURƘUSHE

A 1968 aka haɗe MG da Triumph da Jaguar da Austin da Morris a ƙarƙashin kamfani ɗaya, British Leyland. Yajin aiki da rashin kuɗi da rashin ingancin aiki suka sa shi a gaba, har gwamnati ta karɓe shi a 1975. A lokaci guda Amurka ta tsaurara dokokin hayaƙi da na kariya daga hatsari. Babu kuɗin ƙera sabuwar MG, sai kwaskwarima: a 1974 aka cire wa MGB bamba mai sheƙi aka sa mata ƙaton baƙin bamba na roba, aka ɗaga ta sama kaɗan, ƙarfin injin na Amurka kuma ya ragu. Ga Datsun 240Z ta Japan ta shigo kasuwa tun 1969. Austin-Healey 3000 ta tsaya a 1967, E-Type a 1974, TR6 a 1976, MGB da Spitfire a 1980.

Da a ce komai ya bi yadda aka saba, da duk sun ƙare a hannun 'yan gwangwan. Musamman da yake suna da cututtuka uku da aka san su da su.

CUTA TA 1: TSATSA

Ingila ƙasar ruwan sama ce, kuma lokacin sanyi ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Ruwa da gishiri kuwa su ne abincin tsatsa. MGB ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai. Ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda aka yi su hawa-hawa, kuma tsatsa daga ciki take cin su. Kafin ka ga fenti ya kumbura a waje, ciki ya daɗe da ruɓewa, motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya.

Shi ya sa masu saye suke fara duba ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi. Idan sama ta matse ƙasa ta buɗe, akwai magana. Suna kuma bin jikin motar da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa, to fila aka cusa aka shafe da fenti. Wajen gyara kuma, ƙwararren fanal-bita ba ya yanke ruɓaɓɓen wurin sai ya fara walda sandunan ƙarfe a bakin ƙofofi don kada motar ta karkace. In an gama, sai a fesa wani kakin mai a cikin ramukan ƙarfen don hana ruwa zama.

Wannan matsalar ce ta sa aka riƙa sayo motocin da aka kai jihohin Amurka masu busasshiyar iska, irin su Kalifoniya, ana dawo da su Ingila, a mayar da sitiyarin dama.

CUTA TA 2: WUTA

Kamfanin Lucas na Birmingham ne ya yi yawancin kayan wutar motocin nan, har masu motoci suka yi masa laƙabin ba'a da Yariman Duhu. Amma idan rewaya ya bincika, sau da yawa laifin yana wurin haɗin wayoyi da ya yi tsatsa, ko kuma wayar da ke manne a jikin bodi, wadda mu masu gyaran wayar hannu muke kira giraun. A goge, a ɗaure, fitila ta kawo.

Abin burgewa shi ne launin wayoyin yana da ƙa'ida. Ruwan ƙasa: wuta kai tsaye daga batir. Fari: wuta bayan an murɗa makulli. Kore: bayan makulli, ta bi ta fis. Shunayya: wuta kullum, ta bi ta fis. Ja: ƙananan fitilu. Shuɗi: manyan fitilu. Baƙi: giraun. Wanda ya haddace wannan, da mita a hannunsa, zai bi layin wuta a MG ko Triumph ko Jaguar. MGB ta farko ma fis biyu kacal gare ta.

Sai dai a kula. Har zuwa 1967, fozitif ɗin batir ne ake haɗawa da bodin MGB, akasin motocin yanzu. Wanda ya jona cajar waya ko rediyon zamani bai sani ba, zai ji ƙauri. Kuma batir biyu ne masu bolt 6 a ɓoye bayan kujeru, har zuwa 1974.

CUTA TA 3: KAFIRETA DA KWANTAK

Babu kwamfuta a motocin nan. Kafiretar SU ce ke haɗa mai da iska: biyu a MGB, uku a E-Type ta farko. A cikinta akwai fistin mai hawa da sauka, riƙe da siririyar allura da ke buɗe hanyar mai. A samanta akwai ɗan wurin da ake ɗiga mai, in ya bushe sai mota ta riƙa shaƙewa idan an taka totur. Dole kafiretocin su ja iska daidai da juna, kuma tsofaffin kanikawa da guntun tiyo suke aunawa: su kara a kunne su saurari hucin kowace har sauti ya zo ɗaya. Famfon mai na SU kuma idan ya maƙale, a ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba, ya ci gaba da aiki har a isa gida. Shi ma kwantak ɗin da ke ba filogi wuta yana cinyewa, shi ya sa da yawa suke canza shi da na lantarki.

Duk cututtukan nan uku, ido na ganinsu, kunne na jin su, kuma sifana na isa wurin. A Spitfire ma gaban motar gaba ɗaya ake ɗagawa, har mutum ya zauna a kan taya yana aiki.

SU WA SUKA CECE SU?

Na farko, littafi. A 1965 wani sojan saman Birtaniya mai suna John Haynes yana aiki a Aden ta ƙasar Yaman, sai abokin aikinsa ya nemi ya taya shi gyara tsohuwar Austin-Healey Sprite. Haynes ya lura littafin kamfani don ƙwararru aka rubuta shi. Sai ya sayi kyamara, ya riƙa ɗaukar hoton kowane mataki na kwancewa da haɗawa. Littafin ya fito a 1966, kwafi 3,000 na farko suka ƙare cikin ƙasa da wata uku. Irin abin da shafin iFixit da bidiyoyin YouTube suke yi wa wayoyi yau, shi ya yi wa motoci.

Na biyu, kayan gyara. Tun 1948 Al Moss ya buɗe shagon gyaran MG a Los Angeles, wanda ya zama Moss Motors, kuma har yanzu yana sayar da kayan motocin nan. Kamfanin Burlen da ke Salisbury yana ƙera kafiretar SU sabuwa fil. Babban abin ya faru a 1988, lokacin da British Motor Heritage ya tattaro ainihin mazuban ƙarfen da aka riƙa matse bodin MGB da su, ya fara ƙera sabon bodi. Motar da tsatsa ta gama da ita, sai a kwashe injinta da giya da sauran kaya a mayar cikin sabon jiki. Da wannan bodin ne ma kamfanin Rover ya fitar da MG RV8 kimanin 2,000 tsakanin 1992 da 1995.

Na uku, ƙungiyoyi. An kafa MG Car Club tun 1930, MG Owners' Club kuma a 1973. A nan ake musayar ilimi da kaya, kuma yawan mambobi ne ke nuna wa ɗan kasuwa cewa in ya ƙera abu za a saya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, ajiye bayanai. Kundin masana'antun yana gidan tarihin motoci na Gaydon. Ka ba da lambar shasi, a ba ka takardar da ke nuna ranar da aka ƙera motarka da launinta na asali.

HALIN DA AKE CIKI YANZU

Aikin bai ƙare ba. A 2000 aka daina sayar da fetur mai dalma a gidajen man Birtaniya, sai masu motoci da yawa suka riƙa sa wa tsofaffin injina mazaunin bawul mai tauri. A 2021 aka kawo fetur E10 mai yawan sinadarin etanol, wanda ke cin tsofaffin tiyon roba. Amma doka ta sassauta musu: motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya da gwajin shekara-shekara.

Akwai kuma muhawara. Wasu sun ce dole komai ya zama na asali. Wasu suna sa giya biyar, wasu har injin lantarki, kamar E-Type ɗin da Yarima Harry ya tuƙa ranar bikinsa a 2018. Gaskiya kuma ba harkar riba ba ce, don sau da yawa kuɗin farfaɗo da MGB ya fi kuɗin da za a saye ta.

Sunan MG yanzu yana hannun kamfanin SAIC na ƙasar Sin. Tsofaffin kuwa masu su ne suka riƙe su, saboda an bar musu hanyar buɗewa, da littafi, da kayan gyara. Irin wannan haƙƙin ake nema wa wayoyi: daga watan Yuni na 2025, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni samar da muhimman kayan gyaran waya har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin. Don haka kafin ka sayi waya ta gaba, ka tambayi mai gyara ko ana samun sikirin da batirinta.

A ganinku, motar da aka canza mata bodi gaba ɗaya, ita ce dai ta da, ko wata ce sabuwa? Muna jiran ra'ayoyinku.