Kuɗin cefane: Yadda ake ciyar da iyali a Anka da Gummi da Bukkuyum

Anka da Bukkuyum da Gummi ƙananan hukumomi ne uku da ke jere da juna a yammacin jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 1 ga watan Oktoban 1996.

Gulbin Zamfara ya ratsa yankin, kuma akasarin mazaunansa manoma ne da makiyaya. Ana noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, sai kuma shinkafa a fadamu.

Sai dai duk da wannan albarkar ƙasa, ciyar da iyali daga farkon wata zuwa ƙarshensa ya zama babban abin da ke hana magidanta da dama barci. A ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta fitar ta shekarar 2019, kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara suna cikin talauci, a lokacin da adadin na ƙasa baki ɗaya yake kashi 40 cikin ɗari.

Rumbu da tiya

A al'adance, lissafin abincin gida a wannan yanki na shekara ne. Da kaka maigida yakan ɗaure damman gero da dawa ya zuba a rumbu, ya fitar da zakka, sannan ya duba ko abin da ya rage zai kai shi wata kakar. Wake da gyaɗa su ne na sayarwa, da su ake yin sutura da magani da hidimar aure da suna.

Daga rumbun ne ake fitar da awo kowace rana a miƙa wa matar da ke da girki, tare da 'yan kuɗin cefane na kayan miya. Mutumin da ke da hatsinsa a rumbu, ko da aljihunsa ya bushe, ba a kwana da yunwa a gidansa.

Lissafin wata kuwa na ma'aikacin gwamnati ne, kamar malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Shi ma ɗin galibi yana da 'yar gonarsa, domin albashi kaɗai bai taɓa riƙe gida a karkara ba.

Ma'aunin da aka fi sani a kasuwannin yankin shi ne tiya, kuma akan ƙiyasta tiya 40 a babban buhu. A ce gida yana cin tiya ɗaya ta hatsi a rana. Wannan ya zama tiya 30 a wata, kimanin buhu tara ke nan a shekara, ba a yi maganar mai da gishiri da itacen girki da kuɗin niƙa ba. Gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya goma kuwa, tiya ɗaya ba za ta kai shi dare ba.

A nan ne bambanci yake fitowa tsakanin masu saye. Mai hali yakan sayi buhuna da kaka, lokacin da hatsi ya yi araha, ya ajiye. Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi tiya ko rabin tiya kullum, da kuɗin da ya samo a yinin, har cikin watannin Yuni da Yuli da Agusta lokacin da farashi ke kai ƙololuwa. Idan aka tara abin da ya biya a shekara, talakan ya fi mai kuɗin sayen hatsi da tsada.

Akwai kuma manomin da buƙata kan tilasta wa sayar da hatsinsa da kaka da arha, ya dawo tsakiyar damina ya sayi irinsa da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da hatsi idan an yi girbi.

Abin da ke shiga tukunya

Tuwon dawa ko na masara shi ne abincin dare, kuma a gidaje da yawa shi ne kaɗai girki mai nauyi a yini. Akan tuƙa shi da ɗan yawa domin a samu ɗumame da safe, a haɗa da koko ko kunu. Da rana sai fura, ko hoce wanda aka san Zamfarawa da shi, ko dambu.

Miya ce wurin da ake yin tsimi. Kuka da busasshiyar kuɓewa ba su da tsada, ba sa lalacewa, kuma kaɗan daga cikinsu kan kaɗa tukunya guda. Daddawa da barkono da gishiri su ne sauran kayan haɗin. Matan da suka san kan gida sukan yanka tumatir da kuɓewa su shanya a lokacin da suke da yawa, domin ranar da za su yi wuya.

Idan kuɗi suka yi ƙaranci, akwai tsarin da ake bi wajen ragewa, kusan iri ɗaya a ko'ina. Nama ne ke fara fita daga tukunya, sai kifi, sai man gyaɗa ya koma na cokali. Shinkafa takan zama abincin Juma'a ko na Salla. Bayan haka ne ake taɓa yawan girkin kansa, daga uku a koma biyu, wani lokaci ɗaya.

Da damina ganyaye kan rufa asiri. Ana dafa zogale da tafasa da rama, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Masana abinci na yaba wannan kwaɗo saboda abin gina jiki da ke cikin ganyen da gyaɗar, kodayake wanda ya ci shi kwana bakwai a jere ba don sha'awa ba, ba lalle ya yaba ba.

A farkon shekarar 2024, lokacin da tsadar shinkafa ta kai intaha, an ba da rahoton cewa iyalai a arewacin Nijeriya sun koma sayen afafata, wato ɓarzajjiyar shinkafar da a da masu casa ke warewa a ba kifi ko kaji.

Hannun mata

A shari'a da al'ada, ciyarwa nauyin miji ce. Amma a aikace, abin da ya bayar ba kasafai yake isa ba, kuma matar gida ce ke cike giɓin daga sana'arta ta cikin gida: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ƙosai, awara, daddawa, surfe, ko kiwon awaki da kaji. Dusar da ta fito daga surfe takan tafi ga akuya, akuyar kuma ita ce asusun da ake fasawa ranar da ciwo ya zo ko rumbu ya ƙare.

Adashi na taimakawa wajen sayen abu mai nauyi a lokaci guda, kamar rabin buhun masara. Akwai kuma bashin mai shago da ake biya ƙarshen wata, da ɗan abin da ɗa ko ƙane ya aiko daga ci-rani.

Da gona ta gagara

Duk wannan tsari a kan gona ya dogara, kuma gonar ce ta shiga hatsari.

Tun kafin rikicin 'yan bindiga ya yi ƙamari, neman abin ƙarawa a kan noma ya taɓa jawo wa yankin bala'i. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa kusa da wurin girki. Yara kimanin 400 ne suka rasu.

Daga baya hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da satar mutane domin kuɗin fansa suka mamaye karkarar. A ƙauyuka da dama sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Wasu wuraren an ƙona rumbuna. A watan Janairun 2022 an kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda mazauna yankin suka ce an kashe mutane kusan 200, gwamnatin jihar kuma ta ce 58 ne.

Iyalin da suka gudo cikin garin Anka ko Gummi sun bar gona da rumbu da dabbobi a baya. Mutumin da a da yake sayar da hatsi ya koma mai awon rabin tiya da kuɗin ƙwadago. Kuɗin fansar mutum ɗaya kuwa kan cinye gona da shanun dangi gaba ɗaya.

Matakan tsaro ma sun taɓa tukunya. A watan Satumban 2021 an katse layukan wayar salula a jihar, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta rufe kasuwannin mako-mako tare da hana safarar dabbobi, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kayayyaki. A tsawon makonnin da matakin ya ɗauka, mai akuya bai da inda zai sayar da ita, mai jiran aike daga ci-rani kuma bai da hanyar jin labari.

A watan Agustan 2024 ambaliyar ruwa ta auka wa garin Gummi, ta rusa gidaje masu yawa, ta kuma lalata gonaki ana dab da kaka.

Albashi da farashi

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kimanin Naira 500. Kuɗin mota da na niƙa suka bi sahu. Zuwa tsakiyar shekarar 2024, hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Hukumar Ƙididdiga ta ce a watan Yunin 2024, abinci mai gina jiki mafi arha da baligi ɗaya ke buƙata a rana ya kai Naira 1,241 a matsakaicin lissafi na ƙasa, kodayake na arewa maso yamma bai kai haka ba. A wata guda, ya haura Naira 37,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a watan Yulin shekarar shi ne Naira 70,000, wanda a wannan lissafi bai isa ciyar da miji da mata ba, balle 'ya'ya.

A jihar Zamfara, sai a shekarar 2024 ne gwamnatin Dauda Lawal ta fara biyan mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000, wanda dokar ƙasa ta tanada tun 2019.

Ƙananan yara ne ke fara nuna alama idan tukunya ta ragu, domin koko zalla yana cika ciki amma ba ya gina jiki. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta shafe shekaru tana aiki a Anka tun lokacin gubar dalma, ta kuma kula da yara masu tamowa a Gummi, ta sha yin gargaɗi cewa cibiyoyinta a arewa maso yammacin Nijeriya na cika maƙil a watannin damina. Shawarar da ma'aikatan lafiya kan ba iyaye mata ita ce su riƙa haɗa gyaɗa ko waken suya a cikin garin kunun yara, su kuma ba jarirai nono zalla har wata shida.

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na tsawon kwana 150. A cikin shekarar 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai a kasuwannin arewa, abin da ya kawo sauƙi ga masu awon tiya. Manoman da suka samu damar yin noma kuwa sun koka cewa kuɗin buhun masara bai isa sayen buhun takin zamani ba.