Tarihin Ƙwayoyin Polima a Kuromatogirafi

Kuromatogirafi na ruwa hanya ce ta rarrabe sinadaran da suka cakuɗe. Akan ɗura ƙananan ƙwayoyi cikin siririn bututu, sai a tura ruwa ɗauke da samfur ya ratsa su. Sinadarin da ya fi manne wa ƙwayoyin shi ke makara, wanda ba ruwansa da su ya riga kowa fita. Ashe sirrin aikin yana bisa fuskar ƙwayar, kuma masana sun daɗe suna gyaran wannan fuska.

Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na daular Rasha, ya fara a Warsaw a 1903, inda ya raba launukan ganye da garin alli. Alli kuwa yadda aka same shi haka aka yi aiki da shi. Sauyi ya zo a 1935, da Adams da Holmes suka haɗa polima mai musayar ayon a Ingila. A 1944 D'Alelio ya yi rajistar ƙwayar folistirin da aka liƙa wa rukunin salfonik, kuma da irinta ne Spackman da Stein da Moore suka gina na'urar tantance amino asid a 1958.

A 1959 Porath da Flodin suka fito da Sephadex a Uppsala ta ƙasar Suwidin. Ƙwaya ce mai ƙofofi, kuma aikinta kishiyar rariya ne: ƙanana su shige ƙofofin su ɓata lokaci, manya su zagaye su fara fita.

Da aka shiga zamanin tura ruwa da matsi mai ƙarfi, wato HPLC, silika mai rufin C18 ta mamaye fage, kuma ta cancanta, domin tana jure matsi. Rauninta shi ne ruwa mai kaifin kanwa yana cinye ta. A nan polima ta tsere mata. Gyara mafi burgewa shi ne na Okamoto a Japan a 1984: ya sarrafa selulos ya shafa a kan silika, har bututu ya iya bambance tagwayen sinadarai masu zubin hannun dama da na hagu. Ga masu haɗa magani wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ɗaya kan warkar, ɗayan ya zauna banza ko ma ya cutar. A 1992 Svec da Fréchet suka zuba polima dunƙule guda a cikin bututu, ba ƙwayoyi.

Wannan fasaha ta shafi manomin gyaɗa a Batsari ko Safana kai tsaye. Gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi takan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke haddasa sankarar hanta, kuma ido ba ya ganin gubar. A ɗakin gwaji akan bi da ruwan samfur ta ɗan bututu mai ƙwayoyin agaros da aka ɗaura wa sinadarin garkuwar jiki. Shi ke cafke gubar ya saki saura, sannan a wanko ta a auna. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan aflatoksin B1 ya haura maikirogiram 2 a kowane kilo.