Dokar Perkins: Yadda gwamnatin Amurka ke ba makarantu tallafi don buɗe wa ɗalibai ido kan sana'o'i

Dokar Perkins ita ce babbar hanyar da gwamnatin tarayyar Amurka ke bi wajen tura kuɗi zuwa makarantun sakandare da kwalejoji domin ilimin sana'a da fasaha. A shekarun baya-bayan nan, Majalisar Dokokin ƙasar na ware mata kimanin dala biliyan 1.4 a kowace shekara. Tun bayan gyaran da aka yi mata a 2018, abu na farko cikin abubuwa shida da ta ɗora wa duk hukumar makarantu da ta karɓi kuɗin shi ne a sanar da ɗalibai irin sana'o'in da ke akwai, da karatun da kowacce ke buƙata, da ko ana neman ma'aikatanta a kasuwa, tun kafin su zaɓi hanyar da za su bi.

A Amurka ilimi ba ya hannun gwamnatin tarayya. Jihohi da hukumomin makarantu na gundumomi ne ke gina makarantu, su ɗauki malamai, su tsara manhaja, galibi da harajin da suke tarawa. Gwamnatin tarayya ba ta da ikon umartar wata makaranta ta koyar da abu kaza. Abin da take iya yi shi ne ta ba da kuɗi ta gindaya sharuɗɗa, kuma a cikin waɗannan sharuɗɗa ne ƙarfin Dokar Perkins yake.

Asali da tarihi

Tallafin ya samo asali ne daga Dokar Smith-Hughes, wadda Shugaba Woodrow Wilson ya sanya wa hannu a watan Fabrairun 1917. An raɗa mata sunan 'yan majalisa biyu daga Jihar Jojiya, Hoke Smith da Dudley Hughes. Ta ba jihohi kuɗin koyar da noma, da sana'o'in hannu da na masana'antu, da tattalin gida, bisa sharaɗin cewa duk dala ɗaya da tarayya ta bayar, jiha ko gunduma za ta kawo dala ɗaya.

Wannan doka ta kafa ilimin sana'a da gindinsa, amma ta bar tabon da aka daɗe ana fama da shi. Ta ware kuɗinsa da malamansa da hukumarsa daban da na sauran karatu, har aka wayi gari makarantu suna da hanya biyu: ta masu zuwa jami'a da ta masu zuwa masana'anta. Shekaru da dama masu suka sun yi ta kokawa cewa 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da baƙin haure ne ake turawa hanya ta biyu, ba tare da an tambayi yaro abin da yake so ba, ko an nuna masa abin da zai rasa.

A 1963 aka yi sabuwar Dokar Ilimin Sana'a, wadda ta faɗaɗa tallafin zuwa wasu fannoni da kuma ɗalibai masu buƙata ta musamman. Ɗaya daga cikin jagororinta shi ne Carl D. Perkins, ɗan majalisar wakilai daga gabashin Jihar Kentucky, yanki mai duwatsu da ma'adinin kwal da kuma talauci. Ya zauna a majalisa daga 1949 har rasuwarsa a watan Agustan 1984, kuma ya shugabanci kwamitin ilimi da ƙwadago tun daga 1967. A shekarar da ya rasu aka sabunta dokar aka sanya mata sunansa. An sake sabunta ta a 1990 da 1998 da 2006, sannan a ranar 31 ga Yulin 2018 Shugaba Donald Trump ya sanya hannu kan gyara na biyar, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Yulin 2019. Shi ne ake kira Perkins ta Biyar.

Abin da gyaran 2018 ya sauya

Kafin 2018, doka ta hana kashe kuɗin Perkins a kan yaran da ba su kai aji 7 ba. Gyaran ya sassauta wannan, ya ba da damar farawa tun daga aji 5. A tsarin Amurka, aji 5 zuwa 8 ya ƙunshi yara 'yan shekara 10 zuwa 14, wato kusan daidai da aji biyar na firamare zuwa aji biyu na ƙaramar sakandare a Najeriya.

Hujjar masu wannan gyara ita ce, a ƙarshen aji 8 ne yaro ke zaɓar darussan da zai ɗauka a babbar sakandare, kuma wannan zaɓi kan buɗe masa wasu ƙofofi ya rufe wasu. Yaron da iyayensa likitoci ne ko injiniyoyi yana jin labarin aiki a gida tun yana ƙarami. Wanda ya tashi a ƙauye ko a unguwar marasa galihu kuwa, sana'o'in da ya sani su ne waɗanda idonsa ya gani. Idan makaranta ba ta cike wannan giɓi ba, zaɓin da zai yi yana shekara 14 zai kasance na wanda bai san abin da ke gabansa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai dokar dama ce ta bayar, ba tilas ta yi ba. Kowace jiha ce ke yanke shawarar ko za ta bari kuɗin ya sauka har aji 5, ko ta tsayar da shi a aji na sama da haka.

Yadda ake raba kuɗin

Mafi yawan kuɗin Perkins ba a gasa a kansa. Da ƙa'idar lissafi ake raba shi, hawa biyu.

A hawa na farko, tarayya na raba wa jihohi bisa yawan jama'a, inda matasa 'yan shekara 15 zuwa 19 suka fi nauyi a ma'auni, sai 'yan 20 zuwa 24, sai manya 'yan 25 zuwa 65. Ana kuma duba matsakaicin kuɗin shigar mutanen jiha, ta yadda jiha mai ƙaramin ƙarfi za ta samu ƙari a kan kowane mutum. Kafin wannan rabo, ana cire kashi 1.25 cikin 100 domin shirye-shiryen 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun Indiyawan Amurka.

A hawa na biyu, dole ne jiha ta tura aƙalla kashi 85 cikin 100 na abin da ta samu zuwa makarantu da kwalejoji. Tana iya riƙe kashi 10 domin ayyukan da suka shafi jihar baki ɗaya, kamar horar da malamai, da kashi 5 domin gudanarwa, wanda shi ma sai ta kawo kwatankwacinsa daga aljihunta. A ƙaddara jiha ta samu dala miliyan 10: miliyan 8.5 za su tafi makarantu, miliyan 1 ayyukan jiha, dubu 500 kuma ofis. Daga cikin kason makarantun, jiha na iya keɓe har kashi 15 cikin 100 domin yankunan karkara da wuraren da ɗalibai suka fi komawa baya.

Jiha ce ke tsara yadda za a raba tsakanin sakandare da kwalejoji. A ɓangaren sakandare, kashi 30 cikin 100 ana raba shi ne bisa yawan yara 'yan shekara 5 zuwa 17 a gunduma, kashi 70 kuma bisa yawan yaran da iyayensu ke cikin talauci. A ɓangaren kwalejoji, ana duba yawan ɗaliban sana'a da ke karɓar tallafin karatu na Pell, wanda ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Gundumar da rabonta bai kai dala 15,000 ba, ko kwalejin da rabonta bai kai dala 50,000 ba, sai ta haɗa kai da wasu su nema tare, sai dai idan jiha ta yi mata sassauci, kamar yadda dokar ta yarje wa wasu gundumomin karkara.

Abin da ake kashe kuɗin a kai

Dokar ta bayyana irin ayyukan da suka shiga wannan babi. Akwai darussan share fage da ke zagayawa da yara cikin fannoni daban-daban, kamar lafiya da gini da noma da kwamfuta, ba tare da an ɗaure su a kan ɗaya ba. Akwai samar da bayanan kasuwar aiki, wato sana'o'in da ake ƙarancin ma'aikatansu a yankin da takardun da ake buƙata kafin a shige su. Akwai taimaka wa kowane ɗalibi ya rubuta tsarin karatunsa da na aikin da yake buri, da kuma samar da malamai masu ba da shawara kan karatu da sana'a.

A aikace, makarantu kan yi amfani da kuɗin wajen kai yara ziyara asibitoci da masana'antu da gonaki, da gayyato masu sana'a su yi magana a aji, da shirya bajekolin sana'o'i, da tura ɗalibi ya wuni tare da ma'aikaci yana kallon yadda aikin yake, tunda gani ya kori ji. Wasu kuma kan sayi manhajojin kwamfuta da ke auna abin da yaro ya fi sha'awa.

Dokar ta kuma ba da muhimmanci ga sana'o'in da jinsi ɗaya bai kai kashi 25 cikin 100 na ma'aikatansu ba, kamar mata a aikin walda da lantarki, ko maza a aikin jinya. Ta lissafa rukunonin ɗaliban da ba za a bari a baya ba, ciki har da masu naƙasa, da 'ya'yan matalauta, da masu koyon Ingilishi, da marasa matsuguni, da yaran da ke hannun masu riƙo, da 'ya'yan sojojin da ke bakin aiki.

Sharuɗɗan karɓa

Sabon sharaɗi mafi nauyi da gyaran 2018 ya kawo shi ne binciken buƙatun yanki. Kafin gunduma ta karɓi kuɗi, kuma aƙalla sau ɗaya duk shekara biyu, dole ne ta zauna da malamai da iyaye da ɗalibai da 'yan kasuwa da masu masana'antu da hukumomin samar da aiki, a duba yadda ɗalibai ke tafiya da kuma ko abin da ake koyarwa ya dace da ayyukan da ke akwai. Duk abin da za a saya da kuɗin sai ya zama yana da tushe a wannan bincike. Manufar ita ce kada makaranta ta ci gaba da koyar da sana'ar da kasuwarta ta mutu don kawai tana da tsofaffin injina da malamin da ya saba.

Sharaɗi na biyu shi ne kuɗin tarayya ƙari ne, ba madadi ba. Ba a yarda gunduma ta janye kuɗinta daga wani aiki ta cike gurbin da na Perkins ba, kuma ba a yarda jiha ta rage abin da take kashewa a ilimin sana'a yadda ta ga dama ba. Gunduma ba za ta kashe fiye da kashi 5 cikin 100 a kan gudanarwa ba.

Na uku shi ne awo. Kowace jiha na tsara wa kanta mizani kan yawan masu kammala sakandare, da ƙwazonsu a lissafi da karatu da kimiyya, da yawan waɗanda suka samu aiki ko suka ci gaba da karatu ko suka shiga soja. Wadda ta kasa kai kashi 90 cikin 100 na mizaninta, sai ta rubuta tsarin gyara, idan kuma ta ci gaba da gazawa ana iya riƙe mata kuɗi.

Iyakar tallafin

Idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a makarantun gwamnati na firamare da sakandare a Amurka, wanda ya haura dala biliyan 800 a shekara, kuɗin Perkins bai taka kara ya karya ba. Ɗalibai kimanin miliyan 11 ne ke ɗaukar darussan sana'a a sakandare da kwalejoji, don haka rabon kowanne bai kai dala 150 ba a shekara.

Daga nan matsala ta farko ta taso. Gyaran 2018 ya buɗe ƙofa ga ƙananan azuzuwa amma bai ware musu asusu na daban ba. Shugaban gunduma da ke da dala dubu 40 a hannu sai ya zaɓa tsakanin sabunta injinan ɗakin walda na manyan ɗalibai da kai 'yan aji 6 ziyarar masana'anta.

Matsala ta biyu tana cikin awon kansa. Ɗaliban da ake ƙirgawa su ne waɗanda suka kammala aƙalla darussa biyu a fanni guda a sakandare. Yaro ɗan shekara 11 da aka buɗe wa ido ba ya cikin wannan lissafi, kuma amfanin abin da ya gani ba zai bayyana ba sai bayan shekaru. Abin da ba a aunawa kuwa shi ne kan fara faɗuwa idan kuɗi ya yi kaɗan.

Ta uku ita ce ƙarancin masu ba da shawara. Ƙungiyar malaman ba da shawara ta makarantun Amurka na ganin bai kamata malami ɗaya ya riƙe fiye da ɗalibai 250 ba, amma a zangon karatu na 2022 zuwa 2023 matsakaicin ƙasar ya kai 385.

Masu goyon bayan haɗa karatu da sanin aiki kan kafa hujja da wani dogon bincike da cibiyar MDRC ta fitar a 2008 kan sassan sana'a da ake kafawa a cikin manyan makarantun sakandare. An zaɓi ɗaliban ne ta hanyar ƙuri'a, aka bi sawunsu shekara takwas bayan kammalawa. Waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kashi 11 cikin 100, samari kuma da kashi 17, ba tare da damarsu ta ci gaba da karatu ta ragu ba.

Halin da ake ciki

Wa'adin kuɗi da Perkins ta Biyar ta tsara ya ƙare da kasafin 2024, amma tsarinta ya ci gaba da aiki ta hanyar kasafin da majalisa ke amincewa da shi shekara-shekara. A 2025, Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Ƙwadago sun ƙulla yarjejeniyar da ta miƙa gudanar da harkokin yau da kullum na tallafin ga Ma'aikatar Ƙwadago, yayin da alhakin doka ya ci gaba da zama a wuyan Ma'aikatar Ilimi. Magoya bayan matakin sun ce zai ƙara kusanto da makarantu ga masu ɗaukar ma'aikata. Masu adawa kuma na fargabar a koma kallon ilimin sana'a a matsayin horon aiki kawai, ba wani ɓangare na karatun yaro ba, wato rabuwar nan da aka yi ta ƙoƙarin ɗinkewa tun zamanin dokar 1917.