Numfashin doki bayan tiyata: dalilin da ya sa lokacin farfaɗowa ke da haɗari

A Tambuwal da Kebbe, kamar sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, doki dukiya ne kuma alamar martaba, musamman a gidajen sarauta da wajen hawan salla. Idan ya karye, ko hanjinsa ya murɗe, ko ana son yi masa fiɗiya, sau da yawa sai an yi masa allurar da za ta sa shi barci gaba ɗaya. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa haɗarin bai ƙarewa da ɗinkin ƙarshe. Mintunan da doki ke kwance yana farfaɗowa na cikin lokutan da ya fi kusa da mutuwa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Wani babban bincike da masana a Birtaniya suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2002, ya bi diddigin dawaki sama da 41,000 da aka sa barci. Kashi 1.9 cikin 100 sun mutu cikin kwana 7. Ko da aka cire waɗanda aka yi wa tiyatar ciwon ciki, adadin ya tsaya a kashi 0.9, wato kusan doki ɗaya cikin ɗari. A karnuka masu lafiya kuwa, wani binciken na 2008 ya samu kashi 0.05 kacal.

Me ke hana doki numfashi?

Dalili na farko nauyin jikinsa ne. Doki dabba ce da ta saba tsayuwa. Idan ya daɗe kwance a gefe ko a rigingine, kayan cikinsa sukan danne tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai ɓangaren huhun da ke ƙasa ya lotse. Jini na ci gaba da ratsa wurin ba tare da ya ɗauki oksijin ba.

Na biyu, doki ba ya numfashi ta baki, sai ta hanci kaɗai. Idan kansa ya daɗe ƙasa da zuciyarsa, cikin hancin kan kumbura har hanyar iska ta toshe da zarar an zare bututun maƙogwaro.

Na uku, magungunan barcin kansu suna rage ƙarfin numfashi. A ɗakin tiyata doki na shaƙar iska mai oksijin mai yawa, amma da an cire shi daga na'ura sai ya koma kan iskar gari, wadda oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin 100, alhali huhunsa bai buɗe ba tukuna.

Yadda ake tallafa masa

A asibitocin da ke da kayan aiki, akan bar bututun maƙogwaro har sai doki ya fara haɗiya, ko a maye gurbinsa da wani ta hanci. Ana zura masa oksijin daga silinda, kimanin lita 15 a minti ɗaya ga babban doki. Idan numfashi ya tsaya, akwai ƙaramin famfo da ake haɗawa da silindar, wanda ke hura huhu idan an danna shi. Akan fesa maganin rage kumburi a hanci, idan kuma hanya ta toshe gaba ɗaya, likita kan huda maƙogwaro ta wuya nan take. Ana ƙara masa ɗan maganin kwantar da jiki don kada ya zabura kafin ƙafafunsa su yi ƙarfi, sannan a tallafe shi da igiya a kai da wutsiya.

Tiyata a fili

Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin birnin Sakkwato, kusan kilomita 100 daga Tambuwal, Kebbe kuma ta ƙara nisa. Ɗaukar doki mai ciwo a irin wannan tafiya wahala ce da tsada, don haka ƙananan ayyuka irin su fiɗiya sun fi sauƙin yi a gida. Haɗin da aka fi sani shi ne zailazin sannan ketamin, wanda ke kwantar da doki na minti 10 zuwa 20. Duk ƙarin allura don tsawaita aikin ƙarin haɗari ne idan babu oksijin a kusa.

Mai doki na da haƙƙin tambaya kafin a fara: shin mai aikin likita ne da ke da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya? Minti nawa dokin zai yi kwance? Akwai oksijin da bututun hanci? Bayan aiki, a cire linzami, a miƙar da wuyansa, a rufe masa ido, a kori hayaniya. Minshari mai ƙarfi, ko dasashi ya koma shuɗi-shuɗi, alamu ne na gaggawa.

Batun gwamnati

A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Abin da masu dabbobi a Tambuwal da Kebbe za su auna ta da shi, tare da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, shi ne ko asibitin dabbobi mafi kusa da su na da likita, da silinda mai iska a ciki, da kuɗin sake cika ta.