Kwana Bakwai Kafin Suna: Kula da Lafiyar Jariri a Makonnin Farko

A Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa, kamar sauran garuruwan Arewa, da zarar mace ta sauka lafiya hankalin gida kan koma ga shirin suna. Ana zancen rago da goro da kayan fitar suna, 'yan barka na shiga suna fita, maijego kuma tana ɗaki da jaririnta har ranar bakwai ta zagayo. Sai dai waɗannan kwanaki bakwai da ake ɗauka na jira ne, su ne mafi hatsari a duk tsawon ƙuruciyar ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya a shekarar 2022 kafin su cika kwana 28, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na irin wannan rashi a makon farko yake aukuwa.

A Najeriya, binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa kai wata guda. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da adadin zuwa 12 kafin ƙarshen 2030. Abubuwa uku ne suka fi cin rayukan jarirai: haihuwa kafin lokaci, wahalar numfashi yayin haihuwa, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jiki. Wannan binciken ya kuma nuna cewa haihuwa 39 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Ke nan yawancin jarirai a hannun kaka da ungozoma da maƙwabta suke yin kwanakinsu na farko, kuma abin da waɗannan hannaye suka sani shi ke raba rai da ajali a lokuta da dama.

Ɗumi da nonon farko

Jariri na fitowa daga ciki jiƙe, fatarsa siririya, ba ya iya riƙe zafin jikinsa kamar babba. Ko a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Lafia ke hana barci, jariri na iya yin sanyi idan aka bar shi a jiƙe ko a ƙarƙashin fanka, balle a hunturun Disamba da Janairu. Abin da ake so shi ne a tsane shi nan take da tsumma mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula. Wanka kuwa a jinkirta shi zuwa bayan awa 24. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba, domin ungozoma kan so ta dirje jariri tas tun a sa'ar farko don kada ya tashi da ƙarni. Farin maiƙon da ake ƙoƙarin cirewa kariya ne ga fata, kuma da kansa yake shigewa.

A sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda wasu gidaje ke tatsewa su zubar bisa zaton gurɓatacce ne, shi ne rigakafin farko da jariri ke samu, cike yake da sinadaran yaƙi da cuta. Kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba. Ruwan sikari da madarar dabba da jiƙe-jiƙe ba su da gurbi a nan, zuma kuma ba a ba yaro ita sai ya cika shekara. Abin da dangi ke son jariri ya sha don neman albarka, uwa tana iya shansa a madadinsa.

Daga nan har wata shida nono zalla ne, ko ruwa ba a haɗawa, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Binciken 2018 ya gano cewa jarirai 29 cikin 100 ne kawai ke samun wannan a Najeriya. Jariri kan sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Yakan ɗan rame a kwanakin farko, ya mayar da nauyinsa cikin mako biyu. Idan yana fitsari sau shida ko fiye a rana bayan kwana biyar, nonon na isar sa.

Cibiya

A nan ne al'ada da asibiti suka fi samun saɓani. Cibiya buɗaɗɗiyar ƙofa ce zuwa cikin jinin jariri har sai ta bushe ta faɗi, abin da kan ɗauki kwana 5 zuwa 15. Amma a gidaje da yawa ana ganin abin kunya ne suna ya zo cibiya ba ta faɗi ba, sai a shiga gasa ta da tsumma mai zafi ko kasko, ko a shafa mata man goge baki, gishiri, toka, man zafi, wani wurin har da kashin shanu. Kowanne daga cikin waɗannan na iya ƙona fata ko ya kai ƙwayar cuta ciki, har da mai haddasa tetanus, ciwon da ke sa jariri ya kasa kama nono, bakinsa ya ƙulle, jikinsa ya sandare, galibi tsakanin kwana 3 zuwa 14 da haihuwa. Jinkirin faɗuwar cibiya ba ya cutar da jariri da komai.

Abin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da shi shi ne man cibiya mai suna kulohekzidin, mai ƙarfin kashi 4 cikin 100. Jihar Sakkwato ce ta fara raba shi da yawa a 2013, sannan a 2016 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a faɗin ƙasa. Ana wanke hannu da sabulu, a shafa shi a kan cibiyar da kewayenta sau ɗaya a rana tun daga ranar haihuwa har tsawon kwana bakwai, a bar ta a buɗe, a naɗe ƙunzugu ƙasa da ita. Ba a haɗa shi da komai. Akwai gargaɗi mai muhimmanci: wannan magani ba ya zuwa kusa da ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa bayan samun rahotannin jariran da suka makance a wasu ƙasashen Afirka saboda an ɗauke shi a matsayin maganin ido. Duk wanda zai taimaka wa maijego, ya san wannan.

Idan gindin cibiya ya yi ja, ko tana fitar da mugunya, ko tana wari, ranar za a je asibiti.

Haka zancen yake game da aikin wanzami, kamar cire beli da tsaga a makon farko. Jariri na zuwa duniya da ƙarancin bitamin K, wanda ke taimaka wa jini ya daskare, shi ya sa ake yi masa allurarsa bayan haihuwa a asibiti. Wanda aka haifa a gida bai samu ba, ƙaramin yanka na iya zame masa zubar jinin da ba ya tsayawa. Beli kuwa halitta ce da kowa ke da ita, ba ya hana shan nono.

Shawara

Jarirai da yawa kan yi ɗan rawaya a rana ta biyu ko ta uku, ya washe cikin mako biyu ba tare da magani ba. Dalili shi ne hantar jariri ba ta gama ƙwarewa ba wajen fitar da sinadarin bilirubin, wanda ke fitowa idan tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe. Matsalar ita ce idan sinadarin ya yi yawa yakan haye ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa, ko ya kashe shi. Kuma ɗakin jego, da labulensa a sake da fitila mai rauni, shi ne wurin da ya fi ɓoye shawara. A riƙa fito da jariri bakin ƙofa ko taga kullum da hantsi, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin da ke ƙasa.

Rawayar da ta bayyana cikin awa 24 na farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta zo da kasala da ƙin nono da kuka mai tsini, ta gaggawa ce. Maganinta hasken fitila na musamman ne a asibiti, idan ta yi tsanani a yi canjin jini. Shanya jariri a rana kai tsaye ba ya wadatarwa, yana ma iya ƙona shi ya busar da ruwan jikinsa. An yi gwaji a wani asibitin haihuwa na Legas, aka wallafa sakamakonsa a 2015, inda hasken rana ya yi aiki, amma a ƙarƙashin rumfa mai tace hasken, ma'aikatan jinya na auna zafin jikin jariran a kai a kai.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri. 'Yan Najeriya da yawa, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma ga irin waɗannan jarirai kafur na iya farfasa jini ya jawo shawara mai tsanani. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su a shanya kafin a sa wa jariri.

Bakwaini da ƙaramin jariri

Jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba yana bukatar ƙarin kulawa. Hanyar da ta fi amfani ba ta bukatar wutar lantarki: a ɗaure shi a ƙirjin uwa, tsakanin nonuwa, fata da fata, daga shi sai hula da ƙunzugu, awa 8 zuwa 24 a rana. Uba ko kaka na iya karɓar ta. An faro wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben renon jarirai. Wani gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, ciki har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna a 2021 cewa fara ta nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Ga matan da suka saba da goyo, bambancin kawai shi ne a gaba ake yin wannan.

Alamomin da ba a kwana da su

Ma'aikatan lafiya na lura da alamomi kaɗan, kuma kowane uba ya kamata ya haddace su: jariri ya daina shan nono, ya yi jijjiga, numfashinsa ya kai sau 60 ko fiye a minti guda, ko ƙirjinsa na lotsawa sosai, ya daina motsi sai an taɓa shi, zafin jikinsa ya wuce digiri 37.5 ko ya gaza 35.5. A jaririn da bai kai wata biyu ba, zazzaɓi ba abin sayen magani a kemis ba ne, kuma ba a ɗauka maleriya ce. Cutar da ta shiga jini na iya gamawa da shi cikin yini guda.

An ambaci uba ne da gangan. Maijego ba ta cika fita ba sai da izini da kuɗin mota, kuma sau da yawa ita ce ta fara ganin canji amma ta ji nauyin faɗa a gaban surukai. A Lafia, matakin farko shi ne cibiyar lafiya matakin farko ta unguwa, inda za a tura mai tsanani zuwa babban asibiti mai sashen kula da jarirai na musamman. Mazauna yammacin jihar sun fi kusa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Ga iyalan da ke ƙauyukan Doma, Obi, Awe da Keana, tafiya ce mai nisa, musamman da damina, don haka a tanadi kuɗi da lambar mai mota ko mai babur tun kafin naƙuda. A hanya, jariri ya kasance a ƙirjin uwarsa, yana shan nono idan zai iya.

Awo da rigakafi

Ko babu wata matsala, ana son ma'aikacin lafiya ya duba uwa da jariri sau huɗu: cikin awa 24 na farko, a rana ta uku, tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma a mako na shida. Wadda ta haihu a asibiti ta yi awa 24 kafin a sallame ta. Wadda ta haihu a gida a kai ta da jaririn a ranar, ba sai an jira suna ba, domin allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta fi aiki idan an yi ta cikin awa 24. Tare da ita ake ba da BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna, duka kyauta a cibiyoyin gwamnati. Ƙurjin da kan fito a wurin allurar BCG bayan 'yan makonni alama ce ta cewa ta kama, ba a matsa shi, ba a shafa masa komai.

Uwa da jariri su kwana cikin gidan sauro mai magani, a kwantar da shi rigingine, a nisanta shi da hayaƙin itacen wankan jego da na gawayi. Masu zuwa barka su wanke hannu kafin su karɓe shi, mai mura ko tari kuma ya yi barka daga nesa. Rigakafi na gaba yana zuwa ne a mako na shida, wato kwana biyu bayan arba'in, lokacin da za a fara allurar da ta haɗa cututtuka biyar, da ta ciwon huhu, da ɗigon gudawa wanda Najeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2022. A tafi da katin da aka bayar ranar farko, domin a jikinsa ake rubuta ranar komawa.